Wai anime ne ke ɗaga mawaƙan Japan ɗin nan ko su ne ke ɗaga anime?

ɗan_katun:

Salam jama'a. Wata gardama ce ta sarƙe tsakanina da ƙanina tun shekaranjiya har yanzu ba wanda ya sauka, shi ne na ce bari in kawo ta nan tunda na san akwai masana. Ina cikin share tarkace ne a wayata saboda ta cika, sai na lura kusan rabin waƙoƙin da ke ciki na Japan ne, alhali ni in ka cire arigato ko gaisuwa ban iya da yarensu ba. FLOW, Asian Kung-Fu Generation, KANA-BOON, King Gnu, YOASOBI, Creepy Nuts, duk suna nan, kuma babu ko ɗaya da na tashi na nemo da kaina, duk a farkon wani anime, wato katun ɗin Japan, na tsince su. Yaron nan ya leƙo ya gani sai ya kwashe da dariya, wai ai waɗannan ba mawaƙa ba ne 'yan kwangila ne, a ba su katun su yi masa waƙa a sallame su, in ka cire katun ɗin ko a Japan ba wanda zai san da zamansu. Ni kuma na ce ba haka ba ne, waƙar ce da daɗinta, don akwai anime da na watsar tun kashi na uku amma waƙar buɗewarsa har yau tana kunnena.

To shi ne nake tambaya, su waɗannan ƙungiyoyin a can gida Japan manya ne da gaske ko mu na waje ne kawai muke zuzuta su? Kuma wa ke zaɓar waƙar da za a sa, masu zanen ne ko mawaƙan ne ke kai kansu? Don Allah wanda zai amsa ya zo da hujja, ni nasara nake nema ba sulhu ba.

Tsohon_Ninja:

Wa alaikumus salam. Kai ɗan'uwa ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mu da muka taso da Naruto ai ba a gaya mana, da zarar bes ɗin farkon Haruka Kanata ya fara gurnani sai ka ji tsigar jikinka ta tashi tun kafin a nuna fuskar kowa. Kuma ga hujjarka ta farko nan a kyauta: ita wannan waƙar ba don Naruto aka yi ta ba. Asian Kung-Fu Generation tun 1996 suka haɗu suna ɗalibai a jami'a a Yokohama, waƙar tana cikin ƙaramin albam ɗinsu na 2002, sai a 2003 aka ɗauke ta aka maƙala wa Naruto a matsayin waƙar buɗewa ta biyu. Haka Re:Re: da mutane suka sani da Erased na 2016, tsohuwar waƙarsu ce ta 2004 suka sake ɗauka. To ɗan kwangilar da ya gama aiki shekara 12 kafin a ba shi kwangilar ai sai dai boka.

Amma fa ba zan ɓoye maka ba, FLOW kam in ƙaninka ya nuna su da yatsa ba zan iya musa masa sosai ba, GO!!! a 2004, Colors na Code Geass a 2006, Sign a Shippuden, su da kansu sun rungumi abin ba sa jin kunyarsa, har albam suka yi na waƙoƙin anime zalla kuma da shi suke yawon duniya. Ni ban ga aibu a ciki ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da nake ganin mutane ba sa lura shi ne maimaici. Waƙar buɗewa ɗaya a dogon shiri irin Naruto ko Bleach sai ta yi wata shida ana kunna maka ita duk sati, kuma ba a banza take zuwa ba, tana zuwa ne daidai lokacin da zuciyarka ke dukan uku uku kana son ganin yadda faɗan makon jiya zai ƙare. Ko kukan ƙofa aka sa maka a wannan gurbin sau ashirin da biyar sai ka so shi. Blue Bird ta Ikimonogakari ta 2008, yadda muryar yarinyar ke fara fitowa kafin kiɗan ya shigo, ni har yau in na ji ba waƙa nake ji ba, Sasuke na cikin Naruto nake gani.

Jita_da_Ganga:

Bari in amsa maka ɓangaren wa ke zaɓa, don nan ne amsar take a ɓoye. Yawancin anime ba kamfani ɗaya ke zuba kuɗin yin sa ba, kwamiti ake kafawa, Japanawa suna ce masa seisaku iinkai. Za ka samu mai buga manga ɗin, wato littafin zanen da aka ɗauko labarin, da gidan talabijin, da mai sayar da faifai, da masu kayan wasan yara, kowa ya zuba nasa kowa kuma ya ɗauki ɓangaren da zai ci riba. To sau da yawa a cikin masu zubin nan akwai kamfanin waƙa ko ɗan gidansu, kuma shi rabonsa shi ne gurbin waƙar buɗewa da ta rufewa. Wanda ya sa kuɗinsa kuwa ai ba zai kira ɗan maƙwabta ya hau ba.

Ka ɗauki Sony ka gani. Aniplex, wato masu Demon Slayer da Fullmetal Alchemist da Mashle, reshe ne na Sony Music ta Japan. Yanzu duba su wa suka yi waƙoƙin: Fullmetal na 2003 an buɗe da Porno Graffitti, aka zo L'Arc-en-Ciel da Ready Steady Go, waƙar buɗewa ta ƙarshe kuma Rewrite ta Asian Kung-Fu, duk 'yan gidan Sony. Demon Slayer, LiSA da Aimer, gidan Sony. Mashle, Creepy Nuts, gidan Sony. Su FLOW da KANA-BOON da Ikimonogakari na Naruto ma can suke. Attack on Titan kuma Pony Canyon ne a ciki, sai ka ga Linked Horizon da SiM waɗanda ke ƙarƙashinsu. Ba wai darakta ba shi da baki ba, akwai inda shi ke cewa ga wanda nake so, kamar Makoto Shinkai da ya ɗauki RADWIMPS a Your Name na 2016 ya ci gaba da su a fina-finansa biyu na gaba. Amma in ka ga wata sabuwar ƙungiya da ba ka taɓa ji ba ta faɗo farkon babban shiri, bincika ka ga gidan da ta fito, yawanci amsar tana nan. UVERworld waƙarsu ta farko da suka fitar a babban kamfani a 2005 kai tsaye Bleach ta shiga.

Sai ɓangaren da ya fi burge ni a matsayina na mai ɗan taɓa jita. Gurbin waƙar a talabijin daƙiƙa 90 ne, a aikace 89 ake ba mawaƙi saboda ɗan shirun da ake bari a farko da ƙarshe. A cikin wannan ɗan lokacin dole ka shigo, ka gabatar da baiti, ka hau, ka kai amshi wanda su suke kira sabi, ka sauka, kuma ya zama kamar cikakkiyar waƙa. Babu lokacin jan ƙafa. Waƙar rediyo tana iya yin daƙiƙa 30 tana ɗumama jiki, nan kuwa in ba ka kama kunnen mutum a daƙiƙa biyar na farko ba ya danna tsallake. Shi ya sa da yawa suke farawa da amshin ma gaba ɗaya, ko da wani karin jita da ba ya fita a kai. Galibi ma wannan gajeren ake fara kammalawa a miƙa wa masu zane su ɗora hoto a kai, cikakkiyar ta biyo baya, shi ya sa wani lokaci in ka je ka ji doguwar sai ka ga daga tsakiya ta koma wata aba daban kamar an ɗinka mata wani ƙyalle.

Kuma masu zanen suna yanka hoton ne daidai bugun gangar, takobi ya sauka daidai inda ganga ta sauka, a juya kyamara sama daidai inda murya ta hau. Idonka da kunnenka suna karɓar abu ɗaya lokaci ɗaya, to ta ina za ka manta. Ka je ka saurari Cry Baby ta Official Hige Dandism ta Tokyo Revengers, waƙar sai sauya mataki take yi sama da ƙasa ba gargaɗi kamar mai jiri, duk wanda ya taɓa gwada bin ta da jita ya san wahalarta, amma ta dace da labarin yaron da ake ta jifa tsakanin jiya da yau.

Mai_Tsallake:

Hhhh ku kuna nan kuna dogon sharhi, ni dai wlh da na ga alamar tsallake nake dannawa, ban zo jin kiɗa ba faɗa na zo kallo. Guda ɗaya ce ta gagare ni, ta Mashle ɗin nan, yaro fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa amma ƙugu na ta kaɗawa. Wannan kam sau biyu nake maida ta baya kafin in shiga kashin.

Yayar_Otaku:

Ƙanina ɗan_katun, je ka gaya wa naka ƙanin cewa ya haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Akwai mawaƙan da sana'arsu ke nan tun asali, waɗanda ake kira na anison. Irin su marigayi Ichiro Mizuki da ya rasu a 2022, da Hironobu Kageyama mai waƙar Dragon Ball Z ta 1989, da ƙungiyarsu JAM Project da aka kafa a 2000, su ne suka yi ta One Punch Man. Waɗannan a waƙarsu za ka ji ana kiran sunan jarumi da sunan makaminsa ɓaro ɓaro, kuma suna alfahari da hakan. Har bikinsu na shekara shekara gare su, Animelo Summer Live, tun 2005 ake yi, an sha cika babban zauren Saitama Super Arena kwana uku a jere. In su yake nufi da 'yan kwangila to ya yi musu rashin kunya amma aƙalla ya kusa da hanya.

Su kuwa King Gnu da Hige Dandism da Mrs. Green Apple lissafinsu daban ne, don a Japan ba anime ne ya yi su ba. Waƙar da ta fasa wa King Gnu ƙofa ita ce Hakujitsu ta 2019, kuma ta wasan kwaikwayon talabijin ce na mutane, sai daga baya Jujutsu Kaisen ya zo. Hige Dandism, 'yan Shimane da suka haɗu a 2012, Pretender ce ta ɗaga su a 2019, ita ma ta fim ɗin mutane ce, kafin su yi Tokyo Revengers a 2021 da Spy x Family a 2022. Mrs. Green Apple mu Inferno ta Fire Force muka sani, amma sun ci babbar kyautar Japan Record Award shekara biyu a jere, 2023 da waƙar wasan kwaikwayo, 2024 da Lilac wadda ita ta anime ce. Kenshi Yonezu ma, duk da shi ba ƙungiya ba ne, Lemon ta 2018 ce ta shigar da shi kowane gida a can, shekara huɗu kafin Chainsaw Man. Wato lokacin da masu anime suka je wajensu su ne ke neman alfarma, suna son sunan mawaƙin ya jawo musu mutanen da ba ruwansu da katun.

Abin da ya fi ba ni dariya Ikimonogakari. Mu duk duniya Blue Bird muke ihu, amma ka tambayi wata dattijuwa a Japan za ta ce maka ai masu Arigatou ne, waƙar wasan safe na gidan talabijin na NHK na 2010, ɗalibai kuma su ce masu YELL ne da ake rerawa a makarantu lokacin yaye ɗalibai. Ƙungiya ɗaya, fuska biyu.

Kuma wannan auren na manyan mawaƙa da anime ba yau aka ɗaura shi ba. A 1987 City Hunter ya zo da Get Wild ta TM Network, inda kiɗan ke fara shigowa a hankali tun ana cikin fitowar ƙarshe, jarumin bai gama magana ba, sannan a zarce cikin waƙar rufewa, salon da har yau ake kwaikwaya. A shekarun 1990 Slam Dunk ya kwaso su WANDS da ZARD waɗanda ke kan ganiyarsu a lokacin. L'Arc-en-Ciel kuwa tun 1991 suke a Osaka, suna cika Tokyo Dome tun kafin Fullmetal, kuma a 2012 suka zama 'yan Japan na farko da suka yi wasan kansu a Madison Square Garden a Amurka. To waɗannan ne za a ce ba wanda ya san da zamansu? Haba.

ɗan_katun:

Allah ya saka da alheri Yaya, wannan kaɗai ya isa in kwana da daɗi. Malam Jita kai ma na gode, maganar daƙiƙa 89 ɗin nan yanzu na je na duba uku a YouTube kuma haka ne wlh, duk minti ɗaya da rabi. Amma akwai abin da har yanzu bai shige ni ba, in dai tun 1987 ake wannan harkar me ya sa sai 'yan shekarun nan abin ya fashe haka? Da sai mu 'yan kallo kaɗai muka san su, yanzu kuwa mutumin da bai taɓa kallon anime ko ɗaya ba sai ka ji waƙar a bidiyonsa.

Jita_da_Ganga:

Ƙofa ce aka buɗe. Japan ita ce kasuwar waƙa ta biyu a duniya bayan Amurka, kuma shekara da shekaru faifan CD ne ke kawo musu kuɗi, to kamfanoninsu ba su ga dalilin wahalar da kansu da 'yan waje ba. Wanda ya yi zamanin zai gaya maka, ka nemi waƙa a YouTube ka samu guntuwa ta minti ɗaya, ko a ce ba a yarda a kalla a ƙasarka ba, ko wani bawan Allah ya ɗora yau gobe a sauke. Spotify ma sai 2016 ya shiga Japan, kuma manyan mawaƙa da yawa sun ƙara shekaru kafin su saki waƙoƙinsu a can. Masu so suna nan tun tuni, hanyar ce babu, kuma abin da aka saurara ta bayan gida ba ya shiga lissafi.

Da aka saki sai abubuwa suka haɗu lokaci guda. Anime ya koma ana sakin sa duk duniya rana ɗaya a Crunchyroll da Netflix, ita Crunchyroll ɗin ma Sony ta saye ta a 2021 kan dala biliyan 1.175, ka ga gida ɗaya ke da shirin, da mawaƙin, da tashar da kake kallo. Ga zaman gida na korona a 2020, shekarar da fim ɗin Demon Slayer na jirgin ƙasa ya fito, wanda daga baya ya kai ga tara sama da yen biliyan 40 a Japan kaɗai, Homura ta LiSA ta ci Japan Record Award. Ga TikTok da ke son daƙiƙa 15 mai zafi, su kuma mutanen nan shekara talatin suna koyon matse waƙa a ɗan lokaci, kamar an yi gurbin don su.

Sakamakon ka gan shi a alƙaluma. A jadawalin ƙarshen shekara na Billboard Japan, masu jera waƙoƙin da suka fi tashe, waƙar da ta zo ta ɗaya a 2022 ta Aimer ce ta Demon Slayer, a 2023 Idol ta YOASOBI ta Oshi no Ko, a 2024 Bling-Bang-Bang-Born ta Creepy Nuts, shekara uku a jere duk na anime. Ita Idol sati 21 a jere ta yi a saman jadawalin, kuma a watan Yunin 2023 ta zama waƙar Japananci ta farko da ta hau kan jadawalin Billboard na duniya wanda ba a lissafa Amurka a ciki. Kick Back ta Yonezu ta samu shaidar zinare a Amurka a 2023, ita ma ta farko da Japananci. The Rumbling ta SiM ta hau ta ɗaya a jadawalin kiɗan rok mai nauyi na Billboard a 2022.

YOASOBI ɗin ma abin dubawa ne, su biyu ne, Ayase mai haɗa kiɗa da ikura mai rerawa, kuma tun kafuwarsu a 2019 tsarinsu shi ne a ba su gajeren labari su maida shi waƙa. To mutanen da wannan ne aikinsu ka ba su anime ai ka kai kifi ruwa. Idol ɗin kanta daga wani gajeren labari aka gina ta wanda marubucin Oshi no Ko ya rubuta musu musamman.

Shiru_Kake_Ji:

Ni dai bari in tsaya wa yaron nan tunda ba ya nan kowa ya taru a kansa. Duk abin da Yaya ta kawo gaskiya ne amma a cikin Japan. Ku fito waje mu yi maganar tsakani da Allah, a cikinmu nan wa ya san King Gnu kafin Jujutsu Kaisen? Wa zai kawo min sunan waƙa uku na KANA-BOON ban da Silhouette ba tare da ya leƙa waya ba? Ka shiga Spotify ka duba kusan kowace ƙungiya a cikinsu, waƙar anime tana can sama ita kaɗai, sauran suna biye daga nesa kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Mu ba ƙungiyar muke so ba, abin da muka ji ranar da muka kalli shirin muke so, Tsohon_Ninja ma da bakinsa ya faɗa, Sasuke yake gani. Creepy Nuts ɗin da ake rawarsu, R-Shitei ya ci gasar gambarar baka ta ƙasar Japan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, abokinsa DJ Matsunaga ya ci DMC, gasar 'yan DJ ta duniya, a 2019, gwanaye ne na ƙarshe, amma duk wannan bai fitar da su waje ba sai da yaron Mashle mai cin kek ya kaɗa ƙugu.

Kuma tsarin da Malam Jita ya bayyana yana da nasa ciwon. Duk wata uku ake sabon zango, Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba, shirye-shirye gommai kowanne da waƙa biyu, nawa ne ke tsira a ciki? In ka faɗa kan shirin da ya karɓu ka haye, in ka faɗa kan wanda ya mutu waƙarka ta bi shi kabari komai kyanta. Sannan saboda kowa na son ya kama kunne a daƙiƙa biyar sai waƙoƙin suka fara kama da juna, gudu, cunkoson kalmomi, tsayawa cak, ihu, amshi. Wani lokacin ma haɗin kamfani ne kawai ba ruwan waƙar da labarin, Sobakasu ta Judy and Mary da aka buɗe Rurouni Kenshin da ita a 1996 waƙar yarinya ce mai ɗigo ɗigo a fuska da soyayya ta watse mata, an ɗora a kan labarin tsohon makashi mai takobi. Ta yi kasuwa sosai, ta yi daɗi, amma kar a ce min labarin ne ya haife ta.

Saboda haka ɗan_katun in za ka yi adalci ka ce masa a Japan ya faɗi, a waje kuma yana da rabin gaskiya.

Yayar_Otaku:

Malam Shiru ban ƙi taka ba, amma ai kowa ta wata ƙofa yake shiga gida. Ni ta Tokyo Ghoul na san TK a 2014, Unravel kaɗai na sani kusan shekara biyu, wata rana na ce bari in ga me mutumin nan yake yi in ba katun, na faɗa kan ƙungiyarsa Ling Tosite Sigure, su uku kacal amma ƙarar kamar su goma, yanzu waƙoƙinsu da na fi so babu wadda ta taɓa shiga anime. Ba kowa zai wuce zaure ba, na yarda, amma ko mutum ɗaya cikin ɗari ya wuce, ka lissafa ɗari nawa ne ke kallon Jujutsu Kaisen a duniya. Da me kake tsammani YOASOBI suka hau dandalin Coachella, babban bikin waƙa na Amurka, a 2024?

Kuma maganar Sobakasu shekara kusan talatin ke nan, yanzu an canza. Mawaƙan yau da yawansu da manga suka girma, suna karanta littafin kafin su rubuta baiti ɗaya. Saurari Specialz ta King Gnu ka tuna a wane zango aka sa ta, wannan nauyin da duhun ba haɗari ba ne, don zangon faɗan Shibuya na Jujutsu Kaisen aka auna ta.

Tsohon_Ninja:

Waƙa uku na KANA-BOON ban da Silhouette... Baton Road ta Boruto, Fighter ta Gundam, da... toh shi ke nan Malam Shiru ka ci wannan, duka biyun ma na anime ne hhhh.

ɗan_katun:

Na karanta masa duka daga sama har ƙasa. Da na zo kan na Yaya ya yi tsit, da na zo kan na Malam Shiru ya miƙe tsaye yana tafi wai a gaishe masa da shi, ya ce rabin gaskiyar ma ta ishe shi tunda mu a waje muke. Na ce to ai cewa ka yi ko a Japan, ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba. Yanzu haka yana ɗaki yana wanke takalmi, kuma wlh abin da yake bi da baki ƙasa ƙasa amshin Silhouette ne, ban ce masa komai ba na dai ɗauke shi a waya.

Yaya don Allah wane albam na Ling Tosite Sigure zan fara da shi, wanda ba zai fasa min kunne tun ranar farko ba?